Yadda ake fita da yara yawon buɗe ido a Kano, a dawo da su cif-cif

Fita da yaro ɗaya ko biyu ba wani aiki ba ne. Aikin yana farawa ne ranar da aka ce za a haɗa 'ya'yan gida, da na 'yan uwa da suka zo hutu, da biyu-uku na maƙwabta, a kai su Gidan Zoo ko Gidan Makama ranar Asabar ko cikin kwanakin Sallah. Lissafin da ke tafe an yi shi ne a kan irin wannan ayari: yara 12, daga ɗan shekara 3 zuwa ɗan shekara 12, da manya 4, za a yi awa 4 zuwa 5 a waje. Wanda yaransa suka fi haka ko ba su kai ba, sai ya daidaita. Abin da ba a taɓa shi ne wannan: kowane yaro sai an san babban da ke riƙe da shi, da suna, tun kafin a bar ƙofar gida.

Kayan da za a tanada

Ruwa shi ne kan gaba. Jakar fiya wata tana da ƙulli 20, kowane rabin lita, wato lita 10 ke nan. Ayari irin wannan yana shanye jaka 2 a lokacin sanyi ko damina, jaka 3 a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu. A saka rabin ruwan a firji tun daren jiya ya daskare, sai ya zama shi ne ƙanƙarar kula, yana narkewa ana sha. Idan babu wuta, a sayi ƙanƙara da safe a nannaɗe ta da tsumma mai kauri ko buhu. A riƙe wata jarka daban ta lita 5 ko 10 don wanke hannu da alwala da tsarkin ƙananan yara, kada a cinye ruwan sha a kan buta.

Abinci ya zama wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba ya neman cokali da miya: dafa-duka mai tsane, dambun shinkafa, gurasa, soyayyen dankali, soyayyen nama ko kifi da ya soyu sosai. Na taɓawa a hanya kuwa cincin, dubulan, dabino, lemo da ayaba sun isa. A bar kunun aya da fura da nono da kwaɗon da aka riga aka haɗa a gida, domin zafi yana juya su cikin ɗan lokaci. Zoɓo yana jurewa idan yana cikin kula.

Sai kayan zama da na tsafta: tabarma 2, buta, darduma, sabulu, ledar zuba shara, ƙaramin tawul, famfas ga mai sa shi, da kayan canji cikakke ga duk yaron da bai kai shekara 6 ba. A saka zani da majanyi ko da babu jariri a tafiyar, saboda ɗan shekara 3 idan ya gaji sai an goya shi.

Ƙaramar jakar magani: filasta, auduga, bandeji, ruwan wanke ciwo, farasitamol na yara, da ƙullin ORS (garin gishiri da sukari da ake kaɗawa a ruwa don maye ruwan jiki) kamar 4. Idan akwai mai asma, abin shaƙarsa yana hannun babban da ke riƙe da shi, ba cikin jakar da za a bari a mota ba.

Na ƙarshe: biro ko maka, takarda mai kauri da aka yayyanka ƙanana, fil ɗin maƙala kaya, waya 2 aƙalla da caji cike da kati a ciki, da tsabar kuɗi canji-canji. Tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya a inda jama'a suka taru, ga yara 12 tsaye a bakin ƙofa.

Mataki na 1: Zaɓen wuri, kuma wuri ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa wurare uku a rana ɗaya, wai tunda an riga an ɗauki mota. Kowace shiga mota da fita daga cikinta tana cin kusan rabin awa da yara masu yawa, kuma a nan ne ake ɓatar da yaro ko takalmi ko jaka. A zaɓi wuri ɗaya gwargwadon shekarun mafi yawan yaran.

Idan ƙanana sun fi yawa, Gidan Zoo na Audu Bako da ke kan titin Zoo ya fi dacewa. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan Kano na farko wanda yake ɗauke da sunansa. Akwai fili, akwai inuwar bishiyoyi da za a shimfiɗa tabarma, kuma yaro ba ya buƙatar bayani kafin ya ji daɗin ganin zaki da kura da jimina da kada da birai.

Idan 'yan shekara 8 zuwa sama sun fi yawa, Gidan Makama da ke daura da gidan Sarki ya fi amfani. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Yaran da suka karanta labarin ganuwa da ƙofofin gari da zuwan Turawa a 1903 a makaranta za su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin da kayan yaƙi da hotuna da idonsu. Ɗan shekara 4 kuwa minti 20 zai yi ya fara jan zanin uwarsa.

Marinar Ƙofar Mata wuri ne mai kyau na gajeriyar ziyara, amma karofi rami ne mai zurfi a buɗe a ƙasa, don haka sai yaran da ke jin magana, kuma hannu cikin hannu. Dutsen Dala yana son ƙafa da numfashi, a hau shi da sassafe da manyan yara kaɗai.

Mataki na 2: Zaɓen rana da lokaci

A bar gida ƙarfe 8:30 ko 9 na safe, a yi niyyar kamo hanyar gida da Azahar ko jim kaɗan bayanta. Da safe dabbobi sun fi motsi, layin tikiti gajere ne, kuma rana ba ta take ba. Da rana ta yi tsaka, zakin yana kwance a inuwa, yaran ma sun fara rigima.

A kwanakin Sallah, cunkoson Gidan Zoo yana tsananta ne daga bayan Azahar zuwa Magariba. Wanda zai iya haƙuri ya bari sai Sallah ta kwana huɗu ko biyar, ko ma Asabar ɗin da ke biye. Yara za su yi ƙorafi, amma kayan Sallarsu ba su tsufa ba, kuma za su ga dabbobin maimakon bayan mutane. Gidan Makama kuma a kauce masa ranar Juma'a da rana saboda masallacin Juma'a na cikin gari yana kusa, hanyoyin suna cushewa. Haka nan ranakun Hawan Daushe da sauran hawan Sallah idan za a yi su a shekarar.

Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, a jinkirta fitar zuwa ƙarfe 10, a sa wa ƙanana rigar sanyi da za a iya cirewa, a shafa musu mai a leɓe da ƙafa. A watan Agusta kuwa a dubi gabas kafin a fita. Idan hadari ya haɗu, a fasa, ranar ba ta gudu ba.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, wani babba ya biya ta wurin ya tambayi abu huɗu: ƙarfe nawa ake buɗewa, nawa ne kuɗin shigar yaro da na babba, ana barin a shiga da abinci da kula, kuma akwai ragi ga ayari. Kuɗin shiga yakan canza, musamman da Sallah, don haka kada a dogara da abin da wani ya biya bara.

Mataki na 3: Izinin iyaye da sanin lafiyar kowane yaro

Kada a ɗauki yaron maƙwabta a kan ya ce "Umma ta ce in bi ku". Babba ya je da kansa ya ji daga bakin uwar ko uban, ya faɗi inda za a je da lokacin dawowa, ya karɓi lambar waya. Sannan ya yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi: yaron yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko wani abinci da ba ya ci? Mai sikila ana iya fita da shi, amma ruwansa ya ninka na sauran, ba ya guje-guje a rana, ba ya hawan Dala, kuma da ya ce ƙafa ko ƙirji na ciwo an gama yawo. Yaron da ya kwana da zazzaɓi ko gudawa a bar shi a gida, ko da zai yi kuka har a dawo.

Mataki na 4: Raba yaran ga manya

Wannan shi ne ƙashin bayan tafiyar. Idan aka ce "duk mu sa ido", to babu mai sa ido, domin kowa yana zaton yaron yana wajen ɗaya. A zauna tun dare a rubuta: Anti wance tana da waɗannan uku, Kawu wane yana da waɗannan uku. Ƙa'idar ita ce babba ɗaya ga yara 2 idan ba su kai shekara 5 ba, saboda hannu biyu gare shi. Babba ɗaya ga yara 4 idan sun haura shekara 7. Mai goyo ana lissafa ta da goyonta da yaro ɗaya kacal.

Yarinya 'yar shekara 12 tana iya riƙe hannun ƙaninta, amma ba a lissafa ta cikin manya. Ita ma kallo ta zo yi, kuma da ta ga jimina za ta saki hannun. Ba adalci ba ne a ɗora mata alhakin da idan wani abu ya faru za ta rayu da shi.

A cikin manyan, mutum ɗaya ne jagora: kuɗi da takardar sunaye suna hannunsa, shi ke tafiya a gaba, shi ke cewa a tsaya ko a tafi. Wani kuma shi ne na ƙarshe a baya, ba ya yarda wani yaro ya kasance a bayansa ko da na minti ɗaya. Idan manyan duk mata ne, a nemi namiji ɗaya ko da matashi ne, saboda raka yara maza banɗaki da masallaci da kuma ɗaukar kula. Idan manya ba su isa ba, a rage yaran, a raba fitar gida biyu.

Mataki na 5: Shirin safe kafin a fita

Kowa ya karya kumallo sosai, ya sha ruwa, ya zagaya banɗaki. A sa wa yara takalmi mai maɗauri ko kambas da suka saba da shi. Sabon takalmin Sallah yana tayar da ƙafa cikin awa ɗaya, silifas kuma yana tsinkewa ko ya zame a cikin taro. A cire wa 'yan mata 'yan kunne da sarƙar zinare da duk wani abin da zai ja idon ɓarawo. Idan akwai hula ko hijabi ko riga kala ɗaya mai haske da za a sa musu duka, yana taimaka wa ido wajen ƙirga.

A rubuta lambar wayar jagora da ta wani babba na biyu a ƙaramar takarda, a maƙala ta da fil a cikin rigar kowane yaro ko a saka a aljihu. Ƙanana da za su iya cirewa a rubuta musu da biro a damtse. Kada a rubuta sunan yaron a inda kowa zai gani, domin yaro yana saurin bin duk wanda ya kira sunansa.

Sannan a ɗauki hoton kowane yaro da waya, tsaye, daga kai har takalmi, cikin kayan da ya sa a ranar. Idan hankali ya tashi, uwa ma tana iya manta kalar rigar da ta sa wa ɗanta da hannunta.

Kafin a shiga mota, a tara su a faɗa musu magana uku kawai, a sa su maimaita: "Idan ban ga Antina ba, zan tsaya a inda nake. Zan nuna takardata ga mai kayan aiki ko uwa mai yara. Ba zan bi kowa waje ba, ko ya ce Baba ne ya aiko shi." Dogon wa'azi ba ya zama a kan yaron da ke ɗokin fita.

Mataki na 6: Mota

Abin da ya fi sauƙi shi ne ɗaukar shatar ƙaramar bas guda ɗaya wadda za ta kai ku ta dawo da ku. A yi ciniki tun jiya, a fayyace ko direban zai jira ko zai dawo, a ba shi rabin kuɗin da safe, sauran idan an dawo gida. A karɓi lambar wayarsa, a rubuta lambar motar, a bar wa wani a gida.

Idan adaidaita sahu za a hau, kowace ɗaya sai da babba a ciki, yara a tsakiya, babba a bakin ƙofa. Ba a sa yaro a gefen direba, ba a barin hannu ko gyale ko bakin hijabi yana lilo a waje. A tsayar da adaidaita ɗin duka a tashi tare, kuma kowane babba ya san ainihin ƙofar da za a haɗu, domin a hanya sai an rabu.

Ana ƙirga yara sau biyu a kowace mota, wajen shiga da wajen fita, kuma da suna ake yi, jagora yana kira suna amsawa. Ƙirgan kawuna yana ruɗi a wurin da yaran wasu suke cakuɗe da naku. A sauke yara ta ɓangaren da ba titi ba, babba ya fara sauka. Kuma ko yaro yana barci, ba a barin sa a cikin mota a rufe. A zafin Kano mintoci kaɗan sun isa su yi masa illa.

Mataki na 7: Shiga da kafa sansani

Jagora shi kaɗai zai je layin tikiti, sauran su tsaya gefe a inuwa. Da an shiga, kafin a kalli ko da biri ɗaya, a nemi bishiya mai inuwa da ke kusa da wata alama da yaro zai gane, a shimfiɗa tabarma, a ajiye kula. Nan ne sansani. A nuna wa manyan yara wurin, a nuna musu ofishin ma'aikata da irin kayan da ma'aikatan ke sawa. Idan akwai dattijuwa a tafiyar wadda ba ta son yawo, ita ce mai tsaron sansani, kuma ta sauƙaƙa muku rabin wahala. Idan babu, sai manya su riƙa karɓa-karɓa, ko a ɗauki ruwa kaɗan a jakar baya a bar sauran kayan a motar shata.

Zagayen ya zama na minti 40 zuwa 45, a dawo sansani a sha ruwa a huta minti 15, a sake fita. Ba a jiran yaro ya ce yana jin ƙishirwa, wasa yana mantar da shi. A duk inda aka tsaya aka tashi, a sake kiran suna.

A gaban keji akwai dokokin da ba a sassautawa. Ba a zura hannu ko yatsa ta cikin waya, ba a ɗaga yaro a ɗora shi a kan shingen kada ko na zaki don ya gani da kyau, ba a jifan dabba don ta tashi, ba a miƙa wa birai abinci. Biri yana fizge leda da hula da waya, kuma yana cizo. Jimina tana kai sara ga abu mai ƙyalli. Idan dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a sanar da ma'aikata, a wuce asibiti a ranar ko da ciwon ƙarami ne, saboda likita ne zai duba batun allurar haukan kare da ta sandarewar jiki. Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ba shi da nisa da titin Zoo. Ga waɗanda ke cikin gari kuma akwai asibitin Murtala da asibitin yara na Hasiya Bayero.

Wajen lilo da sauran kayan wasa, babba ya fara taɓa ƙarfen da hannunsa, domin ƙarfen da ya sha rana yana ƙona cinya. Ya duba sarƙa da kujerar, ya tsaya a wurin har yaron ya sauka. Ƙanana su yi nesa da gaban lilo da bayansa.

Domin yawon ya zama da amfani, a ba manyan yara ɗan aiki: kowa ya riƙe sunan dabbobi 5 da abin da suke ci, ko a Gidan Makama kowa ya haddace sunayen ƙofofin gari 5, irin su Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ruwa. A Gidan Makama a nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, a roƙe shi ya yi bayanin da Hausa kuma a taƙaice, a tambaya kafin a ɗauki hoto, a hana yara taɓa kayan.

Mataki na 8: Abinci, salla da banɗaki

A ci abinci wajen ƙarfe 12, kafin yunwa ta sa rigima. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a buɗe cikin zafi ba, don haka a zuba shi da zafinsa a kular abinci mai riƙe zafi, kada a riƙa buɗewa sai lokacin ci. Kowa ya wanke hannu da sabulu, musamman bayan an dafa shingen dabbobi. A zuba wa kowane rukuni a faranti ɗaya da babbansu, a tattara shara a leda a tafi da ita ko a kai kwandon shara.

Masu askirim da alawa da balan-balan za su kewaye ku. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi alkawari tun a gida: abu ɗaya kowa zai samu, kuma sai an ci abinci. Jagora ne zai saya wa kowa lokaci guda. Idan aka bar kowane yaro da kuɗinsa yana bin mai talla, an buɗe ƙofar ɓata. A guji yankakken kankana ko abarba da ke buɗe ƙuda na bi, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Banɗaki ba a tura yaro shi kaɗai, ko ɗan shekara 10 ne. Babba ya raka, ya tsaya a ƙofa, sauran yaransa ya damƙa su ga wani babba da baki: "Ga Amina da Sadiku a hannunki har in dawo." Salla ma haka, kashi biyu ake yi, wasu su yi wasu na tsare da yara.

Mataki na 9: Idan yaro ya ɓata, ko zafi ya kama shi

Da an kira suna ba a ji amsa ba, kada kowa ya watse nema. A zaunar da sauran yaran a sansani da babba ɗaya. Babba na biyu ya tafi kai tsaye ƙofar fita, ya nuna wa masu gadi hoton, ya tsaya a nan, domin muddin yaron bai fita ba yana cikin shinge. Na uku ya koma wurin da aka tsaya na ƙarshe, ya fara duba inda ke da haɗari, wato wurin ruwa da kejin manyan dabbobi, sannan wurin lilo da masu sayar da kayan zaƙi, inda aka fi samun su. Jagora ya je ofis a yi cigiya. Mai nema ya riƙa ɗaga murya yana faɗin kamannin yaron: "Yaro ɗan shekara 5, shuɗiyar shadda, jar hula!" Haka yana sa duk wanda ya ji ya zama mai taya nema. Jin kunyar ɗaga murya yana cinye mintocin da suka fi tsada.

Idan minti 15 zuwa 20 suka wuce babu labari, a sanar da 'yan sandan da ke wurin ko ofishinsu mafi kusa, a kira 112, a gaya wa iyayen yaron gaskiya. Idan a cikin unguwa ne, kamar wajen Gidan Makama ko Ƙofar Mata, a tura wani gidan mai unguwa, domin can aka saba kai yaron da aka tsinta. Gidajen rediyo ma suna karɓar cigiya. Idan an gan shi, a rungume shi a ba shi ruwa. Duka a wannan lokaci yana koya wa sauran cewa idan sun ɓata gara su ɓuya.

Zafi kuma yana da alamu: yaro ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ya ce kansa na ciwo ko jiri, leɓensa ya bushe, ya daɗe bai yi fitsari ba. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa tawul a goga masa a wuya da hammata, a yi masa fifita, a ba shi ruwan ORS kaɗan-kaɗan. Ƙulli ɗaya ana kaɗa shi a lita 1 ta ruwa, wato fiya wata 2. Idan babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta ruwa. Idan yana amai ba ya riƙe ruwa, ko ya rikice, ko ya suma, ko jikinsa ya yi zafi rau, asibiti ne kai tsaye, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Mataki na 10: Komawa gida

A tashi tun yaran suna cewa a ƙara kaɗan. Idan aka jira sai sun gaji, za a fita da masu kuka da masu barci a daidai lokacin da jama'a ke turuwa a ƙofa. A kira direba minti 30 kafin lokaci. A zagaya banɗaki, a naɗe tabarma, a kira suna a sansani, a sake kira a bakin ƙofa, a sake a cikin mota. Wajen fita ne aka fi sakaci, saboda kowa yana ganin an gama.

Yaran maƙwabta a miƙa su hannu da hannu ga iyayensu, a faɗi duk abin da ya faru, ko faɗuwa ce ko ƙurjewa ko wani abu da yaron ya ci. A duba bayan kujerun motar kafin a sallami direba. A gida kowa ya yi wanka, a zubar da ragowar dafaffen abincin da ya wuni a waje, a wanke kula a bar ta a buɗe ta bushe. Daren da washegari a sa ido a kan gudawa ko zazzaɓi, musamman ga ƙanana.

Idan kuɗi bai kai na shata da tikitin mutum 16 ba, ana iya rage tafiyar ba tare da an soke ta ba: a ɗauki rabin yaran wannan Asabar, rabi mai zuwa, ko a yi karo-karo tsakanin gidajen da yaransu za su je, kowane gida ya kawo kuɗin yaransa da babba ɗaya. A kasafin, bayan kuɗin mota da na shiga da na abin taɓawa, a ware kamar kashi ɗaya cikin biyar a aljihun jagora wanda ba za a taɓa ba sai larura, irin ƙarin adaidaita idan direban shata bai dawo ba, ko kuɗin kati a asibiti.